Waran Ofisa: Sojan da Ke Tsaye Tsakanin Hafsa da Kurtu

Duk wanda ya taɓa zuba wa faretin soja ido da kyau zai lura da wani abu mai ɗaure kai. Ga wani dattijon soja, furfura ta fara leƙowa ƙarƙashin hula, sanda a hammata, wanda in ya daka tsawa sau ɗaya mutum 600 ne za su ƙame, ba mai ko tari. Can sai ga wani yaro ɗan shekara 22, bai fi wata uku da fitowa daga makarantar hafsoshi ba, anini ɗaya a kafaɗa, ya zo wucewa. Dattijon nan ne zai buga ƙafa ya sara masa, ya ce "yallaɓai". Yaron zai amsa, amma a ransa ya san wa ke shakkar wa. Wannan dattijo shi ne waran ofisa, kuma matsayinsa na cikin abubuwan da farar hula suka fi kasa ganewa a tsarin soja.

A baki, gida biyu ake raba soja: hafsoshi da ƙananan sojoji. Hafsa, tun daga laftana har janar, yana riƙe da takardar naɗi da ke fitowa da sunan shugaban ƙasa ko sarki. Ita ce ke ba shi ikon kai mutane fagen fama, ita ce kuma ke ɗora masa alhakin duk abin da ya biyo baya. A ƙasa akwai farabiti da masu igiya, wato kofur da saje, waɗanda rundunarsu ce ke ɗaga su. Waran ofisa a tsakiya ya faɗo. Daga ƙasa ya taso, ya sha rana, ya kwana gadi, ya ɗaura igiya ɗaya bayan ɗaya har shekara 15 ko 20. Amma muƙamin da yake kai yanzu da takarda ta musamman aka ba shi, wato waranti, daga ma'aikatar tsaro ko hukumar ƙoli ta rundunar. Saboda haka yana gaba da duk mai igiya, kuma a doka yana bayan hafsa mafi ƙanƙanta.

Abin daga teku ya faro, a Ingila. A zamanin da, in za a fita yaƙi, sarki kan ɗora wani basarake ko jarumi a kan jirgin ruwa ya zama kyaftin. Mutumin ya san takobi, ya san ba da umarni, amma bai san iska ba, bai san karatun taurari ba, bai san inda duwatsu suka ɓuya a ƙarƙashin ruwa ba. Jirgin kuwa da mutanensa: akwai jagoran tuƙi, akwai mai kula da igiyoyi da anka, akwai mai igwa da albarushi, akwai kafinta. Hukumar kula da jiragen yaƙi, wadda aka kafa a 1546 zamanin Sarki Henry na Takwas, tana cikin masu ba irin waɗannan mutane waranti. Uku daga cikinsu, mai igiyoyi da mai igwa da kafinta, ba sa barin jirgin ko da an gama yaƙi an ɗaure shi a tasha an sallami kowa. Kyaftin ya zo ya tafi, su suna nan. A ganina wannan shi ne jigon lamarin har gobe. Ikon waran ofisa ba daga takardar da ke aljihunsa yake fitowa ba, daga daɗewa a kan aiki da sanin lungu da saƙonsa yake fitowa. James Cook, kafin duniya ta san shi da Kyaftin Cook, jagoran tuƙi ne mai waranti. Yana cikin waɗanda suka auna Kogin Saint Lawrence da ke Kanada kafin Turawan Ingila su kama birnin Kwibek a 1759, kuma sai a 1768, da za a tura shi Tekun Fasifik, aka ba shi takardar laftana.

Sojan ƙasa na Birtaniya sun makara wajen ɗaukar tsarin, duk da cewa sun fi kowa buƙatarsa. Har zuwa 1871 mai kuɗi na iya saya wa ɗansa muƙamin hafsa a rundunar dakarun ƙafa ko ta mahaya. To in hafsa da kuɗi ya shigo, wa ya san aikin? Saje da samanja. A 1879 aka fara ba manyan masu kula da kayan soja waranti, a 1881 aka faɗaɗa abin ya haɗa da manyan samanjoji, a 1915 kuma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raba muƙamin daraja biyu, ta ɗaya da ta biyu. Wannan tsari ne ƙasashe irin su Kanada, Ostireliya, Afirka ta Kudu, Kenya, Gana da Najeriya suka gada, kowace ta yi masa nata kwaskwarima.

Nan akwai wurin da mutane ke rikicewa, wato bambancin muƙami da kujera. Waran ofisa muƙami ne, da shi ake lissafin albashi da girma. Samanja kuwa kujera ce da ake ɗora mai wannan muƙami a kai. Waran ofisa mai daraja ta biyu na iya zama samanjan kamfani, yana iya zama mataimakin kwatamasta, wato mai kula da kayan soja, yana iya zama shugaban makanikai a garejin motocin yaƙi. Muƙami ɗaya, aiki daban.

Mu ɗauki samanjan kamfani, tunda shi ne ya fi kusa da soja. Kamfani mutum ɗari da 'yan kai ne, a tsarin Birtaniya manjo ke jagorantarsa. Kafin manjo ya shigo ofis da safe, samanja ya riga ya san mutum nawa ke nan, nawa ke asibiti, nawa ke hutu, wa ya kwana a gadirum, wa ya fita bai dawo ba. Shi ke sa ido kan jadawalin gadi, kuma wanda bai san bariki ba zai ɗauka wannan ƙaramin aiki ne. Ba ƙarami ba ne. Babu abin da ke lalata kamfani da sauri kamar soja ya ga an sa shi gadin dare sau uku a mako, abokinsa da ke ɗasawa da saje kuwa ko sau ɗaya sunansa bai fito ba. Soja na iya jure yunwa da sanyi da tafiyar ƙafa, amma son kai ba ya juruwa. Samanja nagari da biro a hannu yake bin takardar nan suna bayan suna, yana tambayar saje: wannan yaushe rabonsa da gadi? Haka kuma in an buɗe ma'ajiyar makamai, ba a ce masa bindiga casa'in ce ya gyaɗa kai. Lamba bayan lamba ake karanto masa, kuma in guda ta ɓace, ba mai barin bariki sai an gano ta.

A fagen daga aikin ya fi fitowa fili. Manjo idonsa na gaba, kan abokan gaba da taswira da rediyo. Samanja idonsa na baya da gefe, kuma abu uku ne a wuyansa: harsashi, waɗanda suka ji rauni, da fursunoni. Da zarar wuta ta lafa, zai bi rukuni rukuni yana tambayar abin da ya rage wa kowa, ya karɓa daga mai yawa ya ba wanda nasa ya ƙare, kafin na baya ya iso. Shi ke tsayar da wurin da za a tara raunatattu, shi ke tsara yadda za a fitar da su. Maganar fursuna kuwa ita ce gwaji mafi zafi. Ga yaro ɗan shekara 19, yanzun nan aka kashe amininsa a gabansa, ga kuma wanda ya yi harbin ya ɗaga hannu ya miƙa wuya. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta faɗi yadda za a yi da fursunan yaƙi, amma takarda ba ta tsayawa tsakanin bakin bindiga da mutum. Samanja ne ke tsayawa.

Sama da shi akwai samanjan bataliya, wanda sojoji ke kira RSM, waran ofisa mai daraja ta ɗaya. Bataliya na iya kaiwa mutum 500 zuwa 800, laftanar kanar ke riƙe da ita. Jama'a sun fi sanin RSM da fareti, kuma gaskiya ne, shi ne sarkin fili. Sandar nan da ke hammatarsa a tsarin Birtaniya ba ta duka ba ce, buɗewa take yi gida biyu, da ita ake auna faɗin taku. Tsaftar kaki, ladabi, al'adun runduna, jana'izar soja, duk nasa ne. Manyan bukukuwan ƙasa a Landan, har da jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a Satumban 2022, wani waran ofisa ne, samanjan sojojin birnin, ke tsara takun dakarun da ke ciki. RSM ne kuma shugaban mes ɗin saje-saje, wato ɗakin cin abinci da hutawarsu, inda hafsa ba ya shiga sai an gayyace shi. Ba a sara masa, domin sarawa ta mai takardar naɗi ce, amma na ƙasa da shi "yallaɓai" suke ce masa, hafsoshi kuma su kira shi Mista wane.

Duk wannan na waje ne. Babban aikinsa a bayan ƙofa ake yin sa, inda ba mai gani. Kanar shekara biyu ko biyu da rabi yake yi a kan bataliya ya wuce. RSM ma ba dawwama yake a kujerar ba, amma galibi a cikin rundunar nan ya girma, ya san wane kofur ne zai yi saje nagari, wane ne baki kawai gare shi, wane ne bashi ya yi masa katutu, wane ne matarsa ba lafiya. Abin da ba zai taɓa isa teburin kanar a rubuce ba, ta bakin RSM yake isa. Shi ne mutum ɗaya a bataliya da zai iya shiga ofis, ya tura ƙofa, ya ce: "Yallaɓai, in aka sake soke hutun nan karo na uku, mutanen za su bi oda, amma rabinsu ba za su sabunta aiki ba in wa'adinsu ya cika." Kanar ya saurara, ya yanke hukunci. Wataƙila ya ɗauki shawarar, wataƙila ya ƙi. In ya ƙi, RSM zai fito ya isar da umarnin nan kamar daga kansa ya fito, ba mai ganin alamar gardama a fuskarsa.

Hanya biyu ce waran ofisa ke lalacewa a wannan gaɓa, kuma ban san wadda ta fi muni ba. Ta farko ya zama ɗan amshin shata, duk abin da kanar ya faɗa ya ce haka ne yallaɓai, har kwamanda ya zauna yana tsammanin lafiya lau alhali ƙasa na tafasa. Ta biyu ya nemi farin jini wurin yara, ya fito yana cewa ba laifina ba ne, ni na faɗa masa bai ji ba. Wanda ya yi haka ya raba bataliya biyu da hannunsa. Mai kyau shi ne wanda na sama ya yarda ba zai ɓoye masa gaskiya ba, na ƙasa kuma suka yarda ba zai sayar da su ba. Samun mutum guda da ya haɗa biyun nan shi ne wahalar, shi ya sa ake daɗewa ana tace su.

Akwai kuma rainon ƙananan hafsoshi, aikin da ba a cika rubuta shi a takarda ba. A Sandhurst, makarantar hafsoshi ta Birtaniya, manyan saje-saje da waran ofisoshi ne ke horar da waɗanda gobe za su zama shugabanninsu. In laftana ya iso bataliya ma karatun bai ƙare ba. Samanja mai hankali ba ya gyara shi gaban yara, sai ya ja shi gefe. Laftana mai hankali kuma yakan tambaya kafin ya yi, don wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Girman wannan matsayi ya sa a 2015 Birtaniya ta ƙirƙiro kujerar samanjan rundunar sojan ƙasa baki ɗaya, domin muryar ƙananan sojoji ta riƙa isa inda janar-janar ke zama. Wasu waran ofisoshin kuma, bayan sun gama, ana ba su takardar hafsa su fara kai tsaye daga kyaftin, yawanci su riƙe aikin kwatamasta ko makamancinsa.

Amurka wata hanya ta bi, kuma wanda ya ɗauki ma'aunin Birtaniya ya auna ta zai ɓata. A can aikin RSM ba waran ofisa ke yi ba, babban samanja ne wanda har yanzu cikin masu igiya ake lissafa shi. Waran ofisan Amurka ƙwararre ne a fanni guda, kuma rukuninsu daban yake, hawa biyar, daga W-1 zuwa W-5. Na farko sakataren runduna ke ba shi waranti, daga na biyu zuwa sama kuwa takardar shugaban ƙasa suke riƙewa, kuma ana sara musu. Sojan ƙasa na lissafa haihuwar rukunin daga 9 ga Yulin 1918, lokacin da aka ba ma'aikatan jiragen dasa nakiyar ruwa wannan muƙami. Hawa na biyar kuwa dokar 1991 ce ta kawo shi. Ba su kai kashi 3 cikin 100 na rundunar ba, amma su ne ke riƙe da leƙen asiri, sadarwa, gyaran makamai masu linzami, binciken manyan laifuka, da jiragen ruwan dakon kaya. A kowace tawagar mutum 12 ta dakaru na musamman, kyaftin ne shugaba, mataimakinsa waran ofisa ne, kuma shi ke daɗewa a tawagar bayan an canza kyaftin.

Dalilin tsarin a fili yake. Hafsan Amurka ko ya hau ko ya fita, kuma hawa na nufin canza kujera duk bayan 'yan shekaru, daga fili zuwa ofis, daga ofis zuwa makaranta. Matuƙin jirgi mai saukar ungulu da ya zama manjo sai ya tarar takarda ta fi tuƙi yawa a rayuwarsa. Waran ofisa kuwa ana barinsa a kujerar tuƙi shekara 20. Shi ya sa yawancin matuƙan irin waɗannan jirage a sojan ƙasa na Amurka waran ofisoshi ne, a Fort Rucker ta jihar Alabama ake horar da su, kuma a wannan fanni yaro na iya shiga daga makarantar sakandare kai tsaye, ba sai ya yi furfura ba. Michael Durant, matuƙin da aka harbo jirginsa a Mogadishu ranar 3 ga Oktoban 1993 aka tsare shi kwana 11, waran ofisa ne.

Amma sunan da ya fi cancanta a ambata shi ne Hugh Thompson. Ranar 16 ga Maris 1968 yana ɗan shekara 24, yana shawagi da ƙaramin jirgin leƙen asiri a kan ƙauyen My Lai a Biyetnam, sai ya ga gawawwakin mata da yara da tsofaffi, ya kuma gane cewa sojojin ƙasarsa ne ke kisan. Ya sauke jirginsa tsakanin sojojin da wasu mutanen ƙauye da suka ɓuya a rami, ya ce wa yaran jirginsa biyu su buɗe wuta in aka harbi mutanen, ya yi sa-in-sa da laftanan da ya girme shi a muƙami, ya sa aka kwashe mutanen, sannan ya koma ya kai rahoto. An kashe fiye da mutum 300 a ranar. Shekaru ya yi yana shan tsangwama a gida, sai a 1998, bayan shekara 30, aka ba shi lambar yabo kan ceton mutanen daga hannun sojojin ƙasarsa. A takarda laftanan nan ne babba. Doka kuwa, ta soja da ta duniya, ba ta taɓa ɗora wa soja biyayya ga umarnin kashe farar hula ba.

Kada a ɗauka tarihin muƙamin duk abin yabo ne. A zamanin mulkin mallaka an yi amfani da shi a matsayin iyaka, inda ake tsayar da ɗan ƙasa komai ƙwazonsa don kada ya zauna teburi ɗaya da Bature. A Indiya an ƙirƙiro wa 'yan ƙasa wani rukuni na tsakiya, wanda har yau ragowarsa na nan da sunayen Naib Subedar, Subedar da Subedar Manjo, sai dai yanzu da mutunci ake kallonsa. A rundunar Birtaniya ta Gabashin Afirka, muƙamin afandi shi ne ƙarshen hawan baƙar fata. Idi Amin ya kai shi a 1959, sai a 1961, ana dab da ba Yuganda 'yanci, aka ba shi laftana. Rundunar da ta hana mutanenta ilimin hafsa, sannan ta tashi rana ɗaya ta miƙa musu ragama, ita ta san abin da ta shuka. Akwai kuma jarabar sito. Mutumin da ya daɗe da makulli a hannu, ya san littafin kaya fiye da mai bincikensa, in ba tsoron Allah sai man fetur da barguna su fara tafiya da ƙafarsu. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda aka dawo da muƙamin firafoshik, wato waran ofisansu, a 1972, barkwancin bariki da yawa a kan wannan hali aka gina su.

Duk da haka, waɗanda suka gwada rayuwa ba tare da su ba sun dawo daga rakiyar shawarar. Rasha, a garambawul ɗin ministan tsaro Anatoly Serdyukov, ta fara soke muƙamin a 2009, ta shafe kujeru fiye da 100,000, da niyyar saje-sajen kwantiragi su maye gurbi. Saje-sajen ba su samu yadda ake so ba, kayan aiki masu wuyar sha'ani suka rasa masu riƙewa, a 2013 aka dawo da muƙamin zamanin magajinsa, Sergei Shoigu. Sojan saman Amurka kuwa tun 1959 suka daina naɗa waran ofisa, bayan an ƙara hawa biyu a saman masu igiya, suna ganin hakan ya wadatar. Shekara 65 suka yi a haka. Abin da ya karya musu gwiwa shi ne kwamfuta. Gwanin tsaron intanet in ya kai wani mataki sai a ce ya bar allo ya koma kula da mutane, shi kuma ba abin da ya shigo yi ke nan ba, sai ya ajiye kaki ya tafi kamfanin da zai ninka masa albashi. A Fabrairun 2024 rundunar ta sanar da dawo da muƙamin a fannin intanet da fasahar sadarwa, kuma a Disambar shekarar rukunin farko ya kammala horo a sansanin Maxwell da ke Alabama.